Mai Shari'a Aloma Mukhtar: daga Babbar Kotun Kano zuwa kujerar Alƙalin Alƙalai, me ta bari?

Barista Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da aka rantsar da Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun a 2024 ake ta maimaita cewa ita ce mace ta biyu da ta hau kujerar Alƙalin Alƙalan Nijeriya, sai a ambaci ta farkon a layi ɗaya a wuce. Ni kuwa ina ganin Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ta fi ƙarfin layi ɗaya.

Ga tafiyar a taƙaice. An haife ta ranar 20 ga Nuwamba 1944. Ta yi karatun farko a Zariya, har da makarantar St. Bartholomew da ke Wusasa, daga nan sai Ingila. Ta zama lauya a can a 1966, a Nijeriya kuma a 1967, ta fara aiki a Ma'aikatar Shari'a ta Arewa. Daga nan ta zama majistare a Jihar Arewa maso Gabas, a 1973 ta zama babbar magatakardar kotunan Jihar Kano, a 1977 aka naɗa ta alƙaliyar Babbar Kotun Kano, mace ta farko a wannan kujera. Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, Kotun Ƙoli a 2005, duk ita ce mace ta farko. Shugaba Jonathan ya rantsar da ita Alƙalin Alƙalai ranar 16 ga Yuli 2012, ta sauka ranar 20 ga Nuwamba 2014 da ta cika 70.

Tambayata: in muka ajiye "mace ta farko" a gefe, me ta bari a hannun masu aikin shari'a? Don Allah a zo da hujja, ba kirari ba.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam Barista. Ɗan gyara kafin a yi nisa, don na ga wasu na rubuta cewa ita ce mace ta farko da ta zama alƙaliyar Babbar Kotu a Nijeriya. Ba haka ba ne. Mai Shari'a Modupe Omo-Eboh ta riga ta, a Binin, tun 1969. A Kano ne ta zama ta farko.

Malam Habu:
Barista, cikin jerin nan da ka kawo, wurin da mutane ke tsallakewa shi ne 1973 zuwa 1977, kuma a ganina nan ne makullin fahimtar matar. Babban magatakarda shi ke riƙe da cikin kotu: rijistar ƙararraki, kuɗin shigar da takardu, ajiyar kayan shaida, masu kai sammaci, tafintoci, har albashi. Wanda ya yi shekara huɗu a nan ya san inda fayil ke kwana, ya san wanda ke ɓatar da shi da dalilinsa.

Sannan ku duba irin aikin Babbar Kotun Kano na lokacin. Jigawa ba ta fita ba sai 1991, don haka Haɗeja, Gumel, Kazaure, Birnin Kudu duk ƙarƙashin kotun suke. Ɗauki shari'ar kisan kai. 'Yan sanda za su kai rahoton farko gaban majistare, shi kuma ba shi da hurumin sauraro, sai ya tura wanda ake zargi gidan yari a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a. In shawara ta fito, lauyan gwamnati ya nemi izinin alƙalin Babbar Kotu ya shigar da tuhuma, ya haɗa da bayanan shaidu. A karanta tuhuma a ƙarƙashin sashe na 221 na Fenal Kod, wato dokar laifuffuka ta Arewa, a fassara wa wanda ake tuhuma da Hausa. Ko da ya ce "na aikata", tunda hukuncin kisa ne, kotu za ta rubuta cewa bai amsa laifi ba, dole masu ƙara su kawo shaida.

Duk abin da aka faɗa alƙali ne ke rubutawa da hannunsa, da biro, a babban littafi. Shaida na magana da Hausa, tafinta na juyawa zuwa Turanci, alƙali na bi yana rubutawa. A nan shari'o'i da yawa ke mutuwa ba a sani ba sai an je sama. In ba a rubuta cewa an fassara tuhuma kuma ya ce ya fahimta ba, Kotun Ɗaukaka Ƙara na iya rushe shari'ar baki ɗaya. In ɗan sanda ya ɗauki bayanin amsa laifi ta bakin tafinta amma ba a kira tafintan ya ba da shaida ba, bayanin ya zama ji-ta-ji-ta. In wanda ake tuhuma ya ce da duka aka karɓi bayanin, wajibi ne a tsayar da babbar shari'a a yi ƙaramar shari'a a kan wannan batu kaɗai, a yanke, sannan a ci gaba. Alƙalin da ya tsallake wannan ya ɓata aikin shekara biyu ko uku, iyalan mamaci kuma su ga an ce a sake daga farko.

Ta yi shekara 10 a wannan benci, kuma shekarunta ba su kai 35 ba da ta hau. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda ta matsa wa alƙalai kan jinkiri da sakaci ba da ta samu iko.

Auwal:
Malam Habu Allah ya ƙara sani. Amma in ta fara tun 1977, me ya sa ba ta taɓa zama Babbar Jojin Kano ba? Kuma shekara 18 a Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta yi yawa ba?

Barista Nasiru:
Ƙanena, ajiye tarihinta kusa da na marigayi Mai Shari'a Dahiru Musdapher, wanda ta gada a 2012. Shi ya zama lauya a 1968, ita 1967. Ya shigo Babbar Kotun Kano a 1979, shekara biyu bayanta, bayan ya riƙe Kwamishinan Shari'a a Kaduna. A 1979 ɗin ya zama Babban Joji, ya riƙe har 1985 ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara. Da kujerar ta sake zama fili a 1985, Mai Shari'a Saleh Minjibir aka ba. Ita sai 1987 ta bar Kano. Musdapher ya isa Kotun Ƙoli a 2003, ita 2005. Ba ina rage darajar kowa ba ne, dukansu manyan alƙalai ne. Amma lissafin a fili yake: sau biyu kujera ta tashi tana nan.

Alhaji Garba:
Lissafinka daidai ne Barista, sai dai kada mu auna 1979 da ma'aunin yau. Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ba ta wanzu ba sai da kundin 1999. Kafin nan gwamna da hukumar shari'a ta jiha ke da ta cewa, a 1985 kuma soja ke mulki. Ko a yau sashe na 271 na kundin tsarin mulki bai ce lallai sai wanda ya fi daɗewa zai zama Babban Joji ba. A riƙon ƙwarya ne kawai ya wajabta wanda ya fi daɗewa, na wata uku. Cikakken naɗi kuwa gwamna ke yi bisa shawarar NJC, majalisar jiha ta tabbatar.

Maganar shekara 18 kuma, hawa Kotun Ƙoli na bin gurbin shiyya. In gurbin Arewa maso Yamma a cike yake, ko kai waye sai ka jira wani ya yi ritaya ko ya rasu.

Barista Hauwa:
Ni abin da zan sa a gaba shi ne ranar 12 ga Disamba 2008, shari'ar Buhari da INEC kan zaɓen 21 ga Afrilu 2007. Matasa da yawa sun ji "huɗu da uku" amma ba su san a kan me aka rabu ba.

Kwana biyar kafin zaɓe, ranar 16 ga Afrilu, Kotun Ƙoli ta ce INEC ba ta da ikon cire Atiku Abubakar daga takara. Dole aka sake buga takardun ƙuri'ar shugaban ƙasa cikin gaggawa, suka zo babu lambobi a jere. Sashe na 45(2) na Dokar Zaɓe ta 2006 kuwa ya ce takardun ƙuri'a su kasance a ɗaure kamar littafi, kowace da lambarta a jere. Amfanin lambar ba ado ba ne. Da ita ake cewa rumfa kaza an ba ta daga lamba kaza zuwa lamba kaza, an yi amfani da kaza, kaza sun lalace, kaza sun dawo. In aka buɗe akwati aka ga takardar da lambarta ba ta cikin wannan zango, an san daga waje ta shigo. In babu lamba, takardar da mai zaɓe ya dangwala a rumfa da wadda aka dangwala a ɗakin wani duk ɗaya suke a ido.

Alƙalai huɗu, Kutigi, Katsina-Alu, Niki Tobi da Musdapher, suka tsaya a kan sashe na 146(1): ba a soke zaɓe don an saɓa wa wani tanadi sai mai ƙara ya nuna saɓawar ta yi tasiri sosai a sakamako. Niki Tobi ne ya rubuta jagoran hukunci. Uku, Oguntade, Aloma Mukhtar da Onnoghen, suka ce rashin lambar a faɗin ƙasa ya taɓa tushen zaɓen, a soke a sake. Fahimtar ɓangaren ukun ita ce, da zarar an tabbatar da saɓawa mai girma irin wannan, nauyi ya koma kan hukumar zaɓe ta nuna bai shafi sakamako ba, tunda kayan aikin duk a hannunta suke.

Ku tuna shugaban da ake maganar soke zaɓensa, 'Yar'aduwa, yana kan mulki shekara ɗaya da rabi, kuma ita tana cikin layin masu jiran kujerar Alƙalin Alƙalai, wadda shugaban ƙasa ke naɗawa. Ta sa hannu a kan ra'ayinta duk da haka. A ƙarar Atiku kuma, da aka yanke rana ɗaya, ta bi masu rinjaye aka kori ƙarar, Oguntade kaɗai ya saɓa. Wato ba wani ɗan takara take bi ba, kowane fayil ta karanta shi da abin da ke cikinsa.

Alhaji Garba:
'Yata Hauwa, kin yi bayani mai kyau, amma a yi wa huɗun adalci. Kotu da shaidar da ke gabanta take aiki. Tun a matakin farko, kotun da Mai Shari'a James Ogebe ya jagoranta ta jefar da mafi yawan takardun rantsuwar shaidun Buhari, domin an rantsar da su a gaban wani lauya da ke cikin tawagar mai ƙarar, abin da dokar shaida ta hana. Da aka zubar da su, ƙarar ta zama tulin takardu babu mai magana a kansu. Ga kuma hukuncin Buhari da Obasanjo na 2005 da ya riga ya ɗora nauyin a kan mai ƙara. Tazarar da INEC ta sanar ita ma ba ƙarama ba ce, 'Yar'aduwa ƙuri'a miliyan 24 da ɗoriya, Buhari miliyan 6 da ɗoriya. Alƙalin da ya bi abin da kotunsa ta yanke shekara uku baya ba za a ce ya yi son rai ba.

Darasin lauyoyi a nan ƙarami ne amma mai tsada: kada ka rantsar da shaidanka a ofishinka. Ka kai shi gaban kwamishinan rantsuwa na kotu.

Barista Hauwa:
Na yarda da batun rantsuwar, Baba, kuskure ne da ya ci ƙarar. Amma tazarar da ka kawo ita ce ainihin abin da ake jayayya a kai. Ta yaya za a ce wa mutum ya nuna ƙuri'u nawa ne na bogi, alhali abin da ake gane na bogi da shi ne aka cire? Shi kansa marigayi 'Yar'aduwa ya amsa a jawabin rantsuwarsa cewa zaɓen na da naƙasu, ya kafa kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Uwais. Kuma sashe na 137 na Dokar Zaɓe ta 2022, da ya ce ba sai an kira shaidun baka ba in takardu na asali ko kwafin da aka tabbatar sun nuna saɓawar ƙarara, ƙoƙari ne na rage wannan nauyin da ukun suka ce ya yi yawa. Ko kotuna sun ba sashen haƙƙinsa, wannan muhawara ce ta wata rana.

Auwal:
Ba ita ce ta yanke hukuncin da ya ba 'ya'ya mata na Ibo gado ba?

Hajiya Rabi:
A'a Auwal. Shari'ar Ukeje da Ukeje kake nufi, Afrilu 2014. A zamaninta aka yanke, amma Mai Shari'a Rhodes-Vivour ne ya rubuta jagoran hukuncin. Ta Anekwe da Nweke, kan haƙƙin matar da mijinta ya rasu, Mai Shari'a Clara Ogunbiyi ce ta rubuta. Kada mu ɗora mata abin da ba nata ba, nata ya ishe ta.

Malam Habu:
To mu zo kan wata 28 da ta yi tana shugabantar NJC. Ta karɓi gidan yana cikin rigimar tsohon Alƙalin Alƙalai Katsina-Alu da shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara Ayo Salami, mutuncin alƙalai ya zube a idon jama'a. A gaban Majalisar Dattawa, wajen tantancewa, ba ta musa cewa akwai cin hanci a ɓangaren shari'a ba, ta ce za a yi shara daga cikin gida.

A Fabrairun 2013 NJC ta ba da shawarar yi wa alƙalai biyu ritayar dole. Mai Shari'a Thomas Naron na Babbar Kotun Filato, kan bayanan kiran waya tsakaninsa da lauyan ɓangare ɗaya lokacin da yake shugabantar kotun zaɓen gwamnan Osun. Da Mai Shari'a Charles Archibong na Babbar Kotun Tarayya a Legas, wanda cikin abin da aka kama shi da shi akwai sallamar tuhume-tuhumen da ake yi wa tsohon shugaban banki Erastus Akingbola ba tare da an tambaye shi ya amsa ko bai amsa ba. A 2014 aka ƙara wasu, ciki har da batun jinkirta hukunci.

Wannan na jinkiri shi ya fi shafar talaka. Sashe na 294(1) na kundin tsarin mulki ya ce a yanke hukunci a rubuce cikin kwana 90 bayan jawaban ƙarshe na lauyoyi, a ba ɓangarori kwafi cikin kwana 7. A ƙarƙashin kundin 1979, Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Ifezue da Mbadugha, 1984, hukuncin da ya wuce wata uku ya ɓaci ɗungurungum. Sai aka ga masu ƙara ne ke shan wahalar laifin alƙali, aka sassauta: yanzu ba a rushewa sai an nuna jinkirin ya jawo rashin adalci. Dabarar da wasu alƙalai suka ɓullo da ita kuwa ita ce, in kwana 90 ya kusa cika, a kira lauyoyi su sake tabbatar da jawabansu, agogo ya koma farko. Maganin wannan shi ne rahoton aiki da kowane alƙali ke aika wa NJC duk wata uku: ƙararraki nawa ya gada, nawa suka shigo, nawa ya yanke. A zamaninta rahoton nan ya daina zama takardar cika ƙa'ida, ana karantawa, ana aiko wa mutum da takardar neman bahasi.

A 2013 ta kuma fitar da umarnin gaggauta ƙararrakin ta'addanci, fyaɗe, garkuwa da mutane, cin hanci, halasta kuɗin haram da safarar mutane a Kotun Ƙoli.

Alhaji Garba:
Akwai wanda ka bari Malam Habu, kuma shi ne wanda har yau ban gamsu da shi ba. Mai Shari'a Abubakar Talba na Babbar Kotun Abuja. A Janairun 2013 John Yakubu Yusuf ya amsa laifi a badaƙalar kuɗin fanshon 'yan sanda, maganar sama da naira biliyan 20. Aka yanke masa shekara biyu a kan kowace tuhuma cikin uku, ko tarar naira 250,000 kowace. Ya biya 750,000 ya tafi gida. Ƙasa ta ɗauki zafi, NJC ta dakatar da alƙalin wata 12 ba albashi.

Amma wa ya zaɓi sashen da aka yi tuhuma a kai? Masu gabatar da ƙara ne suka yi sulhu da shi suka kawo tuhumar a ƙarƙashin sashe na 309 na Fenal Kod, wanda iyakarsa shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Ga sashe na 315 nan, cin amanar ma'aikacin gwamnati, mai kai wa shekara 14, ba su tsaya a kansa ba. Alƙali ba ya ƙirƙirar tuhuma. In ya yi kuskure wajen auna hukunci, hanyar gyara ɗaukaka ƙara ce, kuma an bi ta: a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da shi shekara shida da biyan naira biliyan 22.9. Ranar da alƙali ya fara auna hukunci yana tunanin abin da jarida za ta rubuta gobe, an taɓa 'yancinsa.

Barista Hauwa:
Baba, rabin maganarka gaskiya ce, EFCC na da nata kason. Amma sashe na 309 ya ba shi zaɓi uku, ya ɗauki mafi sauƙi. Yana iya ɗaure shi ba zaɓin tara. Yana iya cewa shekara bibbiyun su bi juna su zama shida, abin da kotun sama ta yi ke nan daga baya da wannan sashen dai. Kuɗin tsofaffin 'yan sanda ne da ke mutuwa a layin tantancewa. Ikon zaɓi da doka ta ba alƙali ba kyauta ba ce, amana ce, dole ya dace da girman ɓarnar. Kuma dakatarwa aka yi, ba kora ba, ya dawo aiki har ya hau Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2018.

Hajiya Rabi:
Ni inda nake da ciwo shi ne Nuwamba 2012. An amince da sababbin alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara 12, ranar rantsarwa ta rantsar da 11, ta bar Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a zaune a zauren, saboda ƙorafin cewa asalinta Anambra ne, aure ya kai ta Abiya, kuma gurbin Abiya aka ba ta. Matar ta yi shekaru tana alƙalanci a Abiya. Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki aka rantsar da ita kafin watan ya ƙare. Na san ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta ce matar aure na ci gaba da amfani da jiharta ta asali. Amma wannan ƙa'ida ita ce ke hana mata da dama ci gaba: jihar miji ta ce ke baƙuwa ce, jihar uba ta ce ai kin tafi. Na so a ce mace ta farko a kujerar ta warware ƙorafin tun kafin ranar, ba a gaban iyali da baƙi ba.

A ɗaya gefen, a zamaninta ne Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa ta zama shugabar Kotun Ɗaukaka Ƙara, Kekere-Ekun kuma ta shiga Kotun Ƙoli a 2013. Kano kuwa sai 2023 ta samu cikakkiyar Babbar Joji mace, Mai Shari'a Dije Aboki, shekara 46 bayan 1977.

Barista Nasiru:
Hajiya, abin da kika kawo da abin da Barista Hauwa ta kawo hali ɗaya ne: in rubutacciyar ƙa'ida ta ce kaza, a nan take tsayawa, ko sashe na 45(2) ne ko ƙa'idar raba daidai. Wani lokaci ya yi daɗi, wani lokaci ya yi ɗaci.

Haka aka gani a Ribas. Kujerar Babban Joji ta zama fili a 2013, NJC ta ba da sunan Mai Shari'a Daisy Okocha, Gwamna Amaechi ya nace sai Mai Shari'a Peter Agumagu, ya rantsar da shi a Maris 2014, NJC ta dakatar da shi. A ƙa'ida NJC na da hujja, sashe na 271 ya ce bisa shawararta ake naɗi. Amma kotunan jihar suka zauna a rufe kusan shekara guda. Masu jiran beli suna gidan yari, masu neman takardar rabon gado ba inda za su.

Babban abin da ke damuna shi ne ginin NJC kansa. Mambobi 24 ne, 19 daga ciki Alƙalin Alƙalai ne ke zaɓar su ko naɗa su: tsofaffin alƙalai 5, manyan jojin jihohi 5, Grand Kadi 1, shugaban kotun al'adu 1, lauyoyi 5, da mutum 2 da ba lauyoyi ba. Ke nan zafin majalisar ko sanyinta na bin halin mutum ɗaya. Da aka samu mai tsauri ta yi tsauri. Wannan ginin bai canza a hannunta ba, ko da yake gyaransa aikin masu gyaran kundi ne. Shekara biyu bayan tafiyarta, Oktoba 2016, jami'an DSS suka fasa gidajen alƙalai da dare, hujjarsu ita ce NJC ba ta yin abin da ya kamata.

Alhaji Garba:
Ƙara da cewa ba duk horon zamaninta ne ya tsaya ba. Cikin waɗanda aka yi wa ritayar dole a 2014 akwai wadda ta kai ƙara kotu, ta yi nasara, ta koma benci. In za a cire alƙali, sai an bi sashe na 292 da haƙƙin sauraro filla-filla, in ba haka ba aikin ya warware.

Abin da ya tsaya shi ne takardun da ta bari dab da tafiyarta a 2014: sabuwar ƙa'idar naɗin alƙalai, wadda ta kawo sanar da gurbi a fili da tattaunawa da masu nema, da ƙa'idar ladabtarwa da aka sabunta a 2017.

Auwal:
To Malam Habu, in mutum na da ƙorafi a kan alƙali yau, ta ina zai fara?

Malam Habu:
Fara da sanin wane alƙali ne. NJC na duba alƙalan manyan kotuna ne kawai: Babbar Kotu ta jiha da ta tarayya, Kotun Ma'aikata, Kadi-Kadin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, zuwa sama. In majistare ne ko alƙalin kotun shari'ar Musulunci ta ƙasa, hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiharka za ka kai wa. Mutane da yawa a nan suke ɓata watanni.

In na NJC ne, ka rubuta wa Alƙalin Alƙalai a matsayinsa na shugaban majalisar, cikin wata 6 da faruwar abin. Ka sa cikakken sunanka da adireshi ka sa hannu, takardar da ba suna ba ta zuwa ko'ina. Ka faɗi lambar ƙara, kotu, rana, da abin da alƙalin ya yi ko ya ƙi yi. Ka haɗa da takardar rantsuwa da ka yi a kotu cewa abin da ka rubuta gaskiya ne. Ka nemi kwafin zaman kotu da aka buga wa hatimin tabbatarwa daga rijista, ka biya kuɗin ka karɓi rasit. In jinkiri ne, shafin da ke nuna ranar jawaban ƙarshe shi ne hujjarka, daga nan ake ƙirga kwana 90.

Kwamitin tacewa zai fara dubawa. In ya ga akwai abin amsawa, a aika wa alƙalin kwafi ya ba da amsa, a kafa kwamitin bincike. Za a kira ka ka ba da shaida, lauyansa ya yi maka tambayoyi. In ba ka zo ba, ƙorafin ya mutu. Majalisa na iya yin gargaɗi, ko dakatarwa, ko ta ba gwamna ko shugaban ƙasa shawarar ritayar dole ko kora.

Abin da ya fi kashe ƙorafi shi ne mutum ya rubuta shafi goma yana cewa alƙali ya yi kuskuren fahimtar doka ko ya gaskata shaidan ƙarya. Wannan ba aikin NJC ba ne, kuma ko ta hore shi ba za ta juya hukuncin ba. Don haka kada ka zauna jiran Abuja lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce ka: daga Babbar Kotu, kwana 14 ne in ƙaramin hukunci ne na tsakiyar shari'a, wata 3 in hukuncin ƙarshe ne a ƙarar da ba ta laifi ba, kwana 90 a shari'ar laifi.

Barista Hauwa:
Ƙari ɗaya a kan na jinkiri, Auwal. In ka ɗaukaka ƙara, lauyanka ya sa batun kwana 90 cikin dalilan ƙara, ya nuna inda jinkirin ya sa alƙali ya manta ko ya rikita shaida, shafi da layi. Sashe na 294(6) ya ce in kotun sama ta ga an saɓa wa wa'adin, shugaban zaman ya aika wa shugaban NJC rahoto.